Ranar da na yi wa Inna tafinta

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na yi wa Inna tafinta. Yayana, ɗan farinta, ya daɗe a Sifaniya, ya auri 'yar can har sun sami ɗa namiji. Matar ta ce ba za ta kawo yaron Ƙaura da Sallah ba sai ta ga irin karɓar da za a yi masa. Aka tsayar da kiran bidiyo. Yaya ya ce in shi ya fassara za ta ce kwaskwarima yake yi, don haka aka ɗora wa malamin Turancin gidan, wato ni.

Na samo malami a Shinkafi, wani dattijo da ya yi karatun noma a Kuba, ya dawo da Sifaniyanci da wata ƙatuwar hular kaba, noman kuwa ya baro shi can. Duk ranar kasuwa ina gabansa. Kafin damina ta fita na iya kama ɗaki a otal, na iya ƙorafin cewa kofi ya huce, abubuwan da kowane ɗan Ƙaura ke bukata kullum. Karatunsa ɗaya da ya fi nanatawa shi ne, "Tafinta amana ne. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ranar ta zo. Fuskar Yaya na bayyana, Inna ta kau da kai ta shiga kallon bango, don kunyar ɗan fari. Matar ta tambaye ni me Inna ta ce wa ɗanta. Na riƙe amana, na ce ba ta ce komai ba. Sai aka ɗago yaron. Nan take Inna ta washe baki.

"Wanga shi na mijin nawa? Kai, na yi hasara! Dubi kai kamar tulu. Marowaci, ko goro bai aiko ba. Ni dai na hwasa auren!"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kaka ba ta da wata soyayya da ta wuce wannan. Ni kuwa na gyara zama na juye maganar tsaf, har tulun ban bari ba. Yaya na daga can yana cewa, "Kai, bari! Bari mana!" Ina ji, amma jimlar ta zo mini da kyau, na ƙi yankewa. Matar ta rungume ɗanta, ta fashe da kuka, allon ya yi baƙi.

Inna ta dube ni. "Mi ka ce mata, ɗan nema?"

Da na kai wa malam labari, sai ya miƙo mini hannu. "Ta yi kuka? Madalla! Ta gane ke nan. Nahawunka ya nuna."

Ba su zo Sallar nan ba. Inna ta ci gaba da kiwon tunkiyar da ta ware wa jikanta, har tunkiyar ta yi jikoki kafin Yaya ya gama lallashi su sauka Ƙaura. Da suka zo, ba wanda ya nemi taimakona.

Tun ranar na san cewa wanda ya fassara kalmomin mutane bai fassara al'adarsu ba, gara a ce bai je makaranta ba.