Ranar da Na Riƙe wa Injiniya Tsani

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da Talatar da na riƙe wa Injiniya Kabiru tsani ba. Ku sababbin zuwa kuna yawan tambayata yadda aka yi sunana ya hau takardar izini. To ga yadda aka yi.

Shekara uku ke nan. Muna aiki a wani babban sito a unguwar masana'antu, nan Jidda. Aikinmu jan wayar data: ta intanet, ta kyamara, ta tarho. Wayar ba ta kashe mutum, amma ita ma sai da izini. Kamfani zai kai zanen aiki ofis, ya biya kuɗi, a ba shi takarda. A jikin takardar ana rubuta sunan wanda aka yarda ya haɗa kan waya. Kowane suna da kuɗinsa, kuma sai sana'ar da ke kan iƙamar mutum, wato takardarsa ta zama a ƙasar, ta dace da aikin.

Kafilinmu, wato mai kamfanin da ya tsaya mana, ya biya na suna ɗaya, na Injiniya Kabiru. Ɗan Zariya ne, mutumin kirki, gwanin zane a kwamfuta. Ni ban yi boko ba. Iƙamata cewa ta yi lebura ne ni. Shekara goma sha ɗaya ina haɗa waya, amma a takarda aikina ɗaukar tsani. Na sha ce wa kafili ya gyara. Amsarsa ɗaya: "Bukra, in sha Allahu." Wato gobe.

Ku san abin da ke gabana. In aka kama lebura yana aikin da ba nasa ba, kafili tara zai biya ya koma ofishinsa mai sanyi. Ni jirgi za a sa ni, a mayar da ni gida. Na yi shekaru a garin nan ba takarda, kullum idona a kan ƙofa, kafin Allah ya sa na samu. Ban shirya rasa ta ba.

Duk kawunan wayar da ke siton nan ni na haɗa. Injiniya ya sa hannu.

Ranar dubawa, bayan azahar, mufattishi ya zo, wato mai duba aiki. Baƙin saurayi ne cikin farar jallabiya, Larabcinsa na 'yan Jidda. Ya karanta takarda, ya zaga siton. Sai ya tsaya a ƙarƙashin wata kyamara, ya ce da Larabci: "Wanda sunansa ke takarda ya hau, ya yanke kan wannan wayar, ya sake haɗawa ina gani."

Injiniya ya kalle ni. Ni na kalli tsani.

Cikin wayar akwai sili takwas, kowane da launinsa da gurbinsa. Ka sauya biyu, waya ta mutu. Rabon Injiniya da haɗa irinta tun yana makaranta.

Ya hau. Na riƙe tsani, na sunkuyar da kai kamar mai lazimi, na fara karanto masa da Hausa. Mu a garin nan haka muke. In muna son ɓoye magana sai mu juya harshe, kamar mu kaɗai Allah ya ba shi.

"Fari mai ratsin lemo. Sai lemo. Sai fari mai ratsin kore."

"Sai kore?" in ji shi. Guminsa na ɗiga a kaina.

"Shuɗi, Injiniya."

"Baba Iro, hannuna rawa yake."

"To ya yi rawar a kan shuɗi. Shekara biyar a jami'a, sili takwas sun gagare ka? Ko akuya aka nuna wa sau biyu ta riƙe."

Sai na ji murya a bayana.

"Baba, halas. Bar zagi. Ya gama."

Hausa ce. Karkatacciya, amma Hausa. Mufattishi ne. Tsanin ne ya koma riƙe ni.

"Kakata tana Ruwais," in ji shi, wato unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta nan Jidda. "Magana ban iya sosai ba. Amma zagi ina ganewa, da shi ta raine ni."

Injiniya ya sauko. Aka sa na'urar gwaji. Fitila takwas ya kamata su kama, shida suka kama. Mufattishi ya zaɓi wasu wayoyi goma da kansa, nan da can, ya gwada. Kowace takwas cif.

"Waɗannan wa ya haɗa?"

"Ni tsani nake riƙewa," na ce.

"Ma sha Allah. Tsanin ya iya aiki."

Sai Injiniya ya buɗe baki. "Shi ya haɗa su duka. Ni zane na yi."

Na so in shaƙe shi. Gaskiyarsa ce, amma ba shi za ta sa a jirgi ba.

Mufattishi ya daɗe yana rubutu. Ni ina lissafin abin da zan iya cusawa a jaka ɗaya. Da ya gama ya karanta mana. Ya ce da idonsa waya ɗaya ya ga an haɗa, mai izini ne ya haɗa ta, kuma ba ta yi aiki ba. Bai ga lebura ya taɓa waya ba. Don haka ba zai sa hannu ba, sai kamfani ya kawo wanda ya iya, kuma sunansa yana takarda. Ya ba da wa'adi.

A bakin ƙofa ya juyo. "Baba, yau na rubuta abin da na gani. In na dawo na same ka da tsani, zan rubuta abin da na ji."

Kafili ya yi ihu kwana biyu. Ya nemi ma'aikaci daga waje, ya ji kuɗin da ake nema, ya dawo. Goben da aka yi shekaru ana jira ta iso da sassafe. Aka sa ni jarrabawar sana'a. Injiniya ya zauna da ni yana bitar tambayoyi, ni ina koya masa launi. Ranar gwajin hannu na gama kafin shayin mai jarrabawar ya huce. Aka canza iƙamata zuwa fanni, wato gwanin aiki. Kafili ya biya kuɗin suna na biyu, fuskarsa kamar an cire masa haƙori.

Kun ga yadda abin ya ƙare. Tun da sunana ya hau takarda, kafili yana karɓar aiki uku lokaci ɗaya da shi. Ana yawo da ni a mota mai sanyi, daga wannan sito zuwa wancan, in tsaya a gaban masu dubawa. Rabona da haɗa waya yini guda cur, na manta. Ku kuke haɗawa, ku da iƙamarku ta ce leburori.

Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan hannu daban, suna daban, ba kasafai suke zama a jikin mutum ɗaya ba. Shi ya sa duk wayar da za ta fita da sunana sai na gwada ta, kuma kullum ina tura ku ku dami kafili da maganar takarda. Wanda kuma ya riƙe mini tsani ranar dubawa, ya kama bakinsa. Na san launukan. Ba ku san wa yake da kaka a Ruwais ba.