Ina Nan, Yaya

Ga ta nan, ga ta gare ku. Wanda ya toshe kunnensa da igiyar waya ya cire tukuna, domin maganar tsohuwa ce, a hankali take tafiya.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi, jikana Mubarak yana rubutawa, kuma na ce masa ko inda na zage shi kada ya tsallake. A kwaleji yake karatu, yana zaune wurina a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Yaro ne mai ladabi, sai dai babu abin da ba ya yanke wa hukunci. Waƙoƙin da, in ji shi, sun cika tsawo. Mawaƙan yanzu kuma rabinsu inji ke gyara musu murya. Fina-finan Koriya sun fi na Indiya labari, amma Indiya sun fi kiɗa. Gem ɗin da yake bugawa a kwamfuta kuwa wai ya fi tatsuniya, domin a tatsuniya zaunar da kai ake yi a ba ka labari, a gem kai ne mai labarin, ko an kashe ka sai ka tashi ka ɗora daga inda ka tsaya.

Na ce, "Maigida, ashe ku mutuwa ma ba ta riƙe ku."

Ya ce, "Amarya, ai ci gaban ke nan."

Wata rana da la'asar ina tsintar shinkafa, yana haɗa kiɗa a kwamfutarsa, sai ya ce ai waƙa amshi ce kawai. Baiti ba mai tunawa da shi. In amshi ya kama kunne, an gama. Sai hannuna ya tsaya a cikin faifai.

Na tuna Iya, kakarmu, a ƙauyenmu can bayan Wudil. In an yi sallar isha da sanyi, sai ta tura karare cikin murhu, ta zube mana gyaɗa mu ɓare, ita tana kaɗi. Ni da ƙanwata Ladi zane ɗaya muke lulluɓa da shi. Iya ba ta dariya in tana tatsuniya. Fuskarta rabi wuta, rabi duhu, mazarinta yana juyawa.

Akwai tatsuniya guda da muke roƙo kullum. Wasu 'yan mata ne, ya da ƙanwa, suka je wanki kogi, ruwa ya janye ƙanwar. Mutanen ruwa suka ce za su riƙe ta, amma muddin ana kiranta daga gaɓa tana amsawa, ba za ta zama tasu ba. Sai yayar ta riƙa zuwa kowace yamma tana kira da waƙa. Ta yi aure tana zuwa, ta haihu tana zuwa, ta yi furfura tana zuwa. Iya ce ke rera kiran, mu kuma mu amsa daga cikin zane:

"Ina nan, Yaya, ina nan,
Ruwa bai cinye ni ba."

Na taɓa tambayarta yaushe ƙanwar za ta fito. Ta ce, "Ke dai amsa. Wa ya ce miki fitowa ake jira?"

Ran nan na rera wa Mubarak amshin. Ya zare abin kunnensa ya ce wallahi wannan zai hau kiɗa, in kawo sauran. Na buɗe baki, babu komai. Shekara sittin da ɗoriya ina ɗauka waƙar tana cikina, ashe rabinta kaɗai na ɗauko. Mu yara amshi ne namu. Kiran na Iya ne, kuma ban taɓa tunanin wata rana za a neme shi a bakina ba.

Kwana uku ina lalube. In ina tuƙa tuwo sai in ji kamar ga shi nan a bakin harshe, ya kuɓuce. Mubarak ya ce in bari, zai ƙirƙiro baiti, ba wanda zai gane. Na ce ni zan gane.

Saura mutum ɗaya a duniya da zai iya sanin kiran: Ladi, a Hotoro wurin ɗanta, ƙafa ta kwantar da ita. Ita ta kwana a ɗakin Iya har rasuwarta, bayan an kai ni Kano. Muka hau adaidaita sahu muka ratsa Tarauni, Mubarak yana ta sukar waƙar da direba ya kunna, direban yana ƙara murya.

Ladi ta ce tatsuniya da rana, so nake mu ɓata a kasuwa? Muka jira har aka yi magariba. Mubarak ya ajiye wayarsa a kan tabarma tana ɗaukar muryarmu. Na ce, "Ladi, kiran Iya nake nema."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Yaya, ni duk shekarun nan ce nake yana wurinki."

Can sai na ga Ladi tana gyaɗa kai, tana buga gwiwarta a hankali, daidai tsawon kiran Iya. Kalmomin sun tafi, amma tsawonsu yana jikinmu. Da gurbin ya cika, muka amsa tare. Muka sake yin shiru, muka sake amsawa. A na uku muryata ta ƙi fita, Ladi ta ci gaba ita kaɗai har sau huɗu.

A hanyar dawowa Mubarak ya saurari abin da ya ɗauka, ya ce shirun ya yi yawa, 'yan yanzu ba sa jira, zai yanke shi ya haɗe amshin. Na ce ya yi yadda ya ga dama. Washegari ya kawo mini wayar, bai taɓa komai ba. Ya ce, "Kaka, na yanke, sai ta zama ba waƙa ba. Kamar mutum yana magana shi kaɗai." Ranar ce farkon da ya kira ni Kaka babu tsokana.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta yarinyar cikin ruwa ce. Sai da na tsufa na gane ta wadda ke tsaye a gaɓa ce.

Iya tana kwance a ƙauye, kiranta yana tare da ita. Ladi ta rasu da damina ta zagayo, Allah ya jiƙansu. Mubarak yana shekarar ƙarshe, har yanzu yana mutuwa yana tashi a gem ɗinsa, har yanzu yana yanke wa mawaƙa hukunci, amma ya daina cewa baiti ba komai ba ne. Ni kuwa ya nuna mini inda ake dannawa a wayar. In na idar da magariba sai in kunna, in bari a wuce inda muryata take. Idan shirun ya zo, ba waƙa nake yi ba, ban iya ba. Cewa nake, "Ladi, kina nan?"

Sai ta amsa.

Ƙurunƙus. Wannan ba ƙarya na shirya muku ba.