Kunun Gyaɗar Miriyamu

Duk ɗalibin da ya taɓa bin Kwaji aikin sa kai a ƙauyukan Mubi ya san dokarsa: kowa ya zo da abincinsa a kula, ko ruwan randar mutane ba a sha sai an tilasta. Yara suna ce masa Sarkin Rowa a bayan idonsa. 

Iyayensa daga tsaunukan Michika suka sauko, amma shi ɗan gari ne, a shagon ɗinkin babansa ya girma, fartanya kuwa sai dai a hoto. Ga kirki, ga rawar kai. Yana shekararsa ta biyu a makaranta ya haɗa ƙungiyar taimaka wa tsofaffi, aikinsu na farko kuma gonar wata gwauruwa ce a Vimtim, Miriyamu, wadda ciwon baya ya hana ta sunkuyo.

Ruwan fari ya sauka, suka cika babura suka tafi. Suka yi sharar gona, suka yi huɗa, kunyoyi a karkace amma dai kunyoyi ne. Abin da Kwaji bai tsaya ya tambaya ba shi ne, a wurin Miriyamu wannan gayya ce, kuma ba a sallamar 'yan gayya da yunwa. Da rana ta take sai ga ta da maƙwabciyarta ɗauke da tukunyar kunun gyaɗa mai kauri. Suka sha har da lasar ludayi. Kwaji ya miƙa ƙwarya aka ƙara masa, ya sake miƙawa, yana zuba mata kirari ana dariya.

Damina ta yi nisa ya koma, da wayarsa a hannu, zai ɗauki hoton gyaɗar da suka yi wa huɗa. Ya tarar da kunyoyin nan ciyawa ta rufe su, babu ko tushe ɗaya.

"Mama, ba ki shuka ba ne?"

"Da me zan shuka, yarona? Iri ɗin ai shi ne kun sha."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ma murmushi. Ta ce mutane sun zo mata daga gari da ƙafarsu, in ta bar su haka me Vimtim za ta ce? Kwaji ya tuna ƙwaryar da ya yi ta miƙawa, kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tun daga ranar bai daina ganin laifin kansa ba: sun je taimako, sun cinye wa tsohuwa shekara guda.

Washegari ya sayi irin gyaɗa a kasuwa ya kai mata, alhali ya san lokacin shuka ya wuce. Miriyamu ta buɗe buhun, ta dama hannu a ciki, ta sa masa albarka. Sannan ta jawo masa kujera.

"Zauna, in dama maka kunu da shi. Na ga ranan nan kana so sosai."