Sirdin Keken Babana

Shekarar da aka kawo bas ɗin nan mai zuwa Kaduna kai tsaye, wadda ba ta tsayawa a ƙauye ko da sarki ne ya ɗaga hannu, mutanen wajenmu suka koyi sabuwar dabara. Ka hau keke zuwa Kafanchan, ka bar shi a tasha, ka shiga mota. Mai tsaron kekunan wani dattijo ne ɗan Gabas, tsohon ma'aikacin reluwe da ya dawo garin bayan yaƙin basasa. Ban yarda da shi ba, kuma ba abin da ya taɓa yi mini.

An kira ni Kaduna ganawar neman aiki, babana ya ara mini kekensa. Keken nan kaɗai ke kai cittarmu kasuwa, in ya ɓace mun shiga uku. Baba ya ce, "Cire sirdin ka tafi da shi. Kowa haka yake yi." Ni na ƙara da tawa: na ɗaura baƙin zare tsakanin feda da ƙarfen keken, in an hau shi zai tsinke.

Dattijon na kallo na kwance sirdin na cusa a jaka. Ya ce, "Yarona, ruwa zai zo fa." Na ce a raina, ruwan ne ma ya dame ka.

Daga Kajuru har Mararaban Rido ban ga komai a hanya ba, keken nake gani a hannun wani. Ko a gaban masu yi mini tambayoyi, rabin hankalina yana tasha.

Da yamma muka dawo, an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na diro da gudu na nufi gindin mangwaron da na ajiye keken. Babu keken. Na ɗaga murya har masu tuyar ƙosai suka juyo. Kalmar ɓarawo ce kawai ban furta ba, amma kowa ya ji ta.

Dattijon ya shiga rumfarsa ya fito da keken a bushe, an toshe bakin bututun sirdin da totuwar masara.

"In ka cire sirdi, ruwa yana shiga ciki, ƙarfe ya yi tsatsa," in ji shi. "Kawo in ɗaura maka."

Na duba hannuna. Jakar tana ƙarƙashin kujera, bas ɗin kuma ta riga ta fita tasha.

Ya kwance sirdin nasa keken ya ɗaura a nawa, ya ce in maido ranar kasuwa. Kunya ta kama ni sosai. Duk da haka, kafin in hau sai da na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na leƙa zaren. Yana nan yadda na ɗaura shi.

Da na ɗago, ashe dattijon yana kallona.

"Ni ma na gan shi tun da safe," ya ce. "Shi ya sa na ɗauki keken a kafaɗa."