Ɗamarar Rayis Bu'azza

Duk wanda ya taɓa haye kogin Buragrag daga Sala zuwa Rabat a kwale-kwale, in dai ba da ido rufe ya haye ba, ya ga Bu'azza. Shi ne gajeren dattijon nan mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda yake tuƙi a tsaye cikin jan falmaran da wando mai hantsa, kai ka ce daga wani tsohon zane ya faɗo. Rayis ake ce masa, wato shugaban jirgin yaƙi. Da tsokana aka fara tun yana saurayi, don jirgin nasa mutum takwas yake ci, in an samu mai ƙiba bakwai. Shi kuwa ya amsa, ya ci gaba da amsawa, har masu tsokanar suka tsufa suka manta cewa da wasa suka soma.

A unguwar masu fito aka haife shi, bayan ganuwa. Ubansa fito yake yi, kakansa ma haka. Daga kakan zuwa sama ne labari yake yin daɗi, domin Bu'azza ya rantse kakan kakansa yana cikin mutanen Sala da suke fita teku su kamo jiragen Turawa da kaya da mutane. Ka kuskura ka ce 'yan fashin teku a gabansa, sai ya saki tuƙi a tsakiyar kogi, ruwa ya yi ta jan ku har ka gyara bakinka. Hujjarsa ita ce ɗan fashi ba ya kai wa sarki kasonsa, su kuwa suna kaiwa. Ko wannan hujja za ta tsaya gaban alƙali, Allah masani, amma a tsakiyar kogi ba a taɓa samun wanda ya ja da ita ba.

Abin da ya gada daga wancan zamani tsumma ne guda, ragowar wata ɗamara ja mai ratsin ɗorawa, asu ya cinye rabinta. Daga wannan tsumman cutar ta kama shi. Makaranta bai wuce aji huɗu ba, amma ya yi shekaru yana zarya gidan tarihi, ya tsaya gaban akwatin gilashi yana ƙirga maɓallan rigar mutanen da, har mai gadi ya soma bin sa a baya. Ya koyi ɗinkin hannu, ya koyi ƙulla maɓalli da zare, domin a cewarsa kakanninsa ba su san maɓallin roba ba. Daga ƙarshe ya kai tsumman wurin wani tsohon masaƙi a birnin Fas, aka saƙa masa irinta sak, da ulu, kamu goma sha huɗu.

Ɗamara mai wannan tsawo mutum ba ya ɗaura ta shi kaɗai. Sai wani ya riƙe baki ɗaya ya ja da ƙarfi, kai kuma ka je can nesa ka dafe ɗaya bakin a ƙugu, ka riƙa juyi kana matsowa har ka iso. Ɗakin Bu'azza kuwa bai kai kamu bakwai ba. Saboda haka kowace safiya matarsa Lalla Mannana takan tsaya a bakin ƙofa ta tokare ƙafa da dokin ƙofa, shi kuma ya fita lungu har gaban mai burodi, sannan ya juyo yana kewaya kansa kamar mazari. Mai keke ya jira, mai jaki ya jira. Mannana takan ce duk unguwar ita kaɗai ce take jawo mijinta gida da igiya kullum, kuma da hannunta take sake shi.

Su tara ne masu wannan cuta a cikin masu fito. Suna taruwa a gidan shayi su yi ta musu kan ko mutanen da suna naɗa rawani a kan dara ko dara kaɗai suke sawa. Lokacin zafi kuma su fita kogi su yi wasan kama jirgin Turawa, kuma kowace shekara sai an yi rigima kan wanda zai zama Bature, don shi ake jefawa ruwa. Samarin masu fito da suke rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle don masu yawon buɗe ido su ɗauke su hoto, su ne Bu'azza ba ya gaisawa da su. Ya ce Allah ya ba mutum ido biyu ya rufe ɗaya, sannan ya ce wai shi mai hango jirgi ne.

Amma duk wannan share fage ne. Ranar Bu'azza ita ce jajibirin Mauludi bayan la'asar, lokacin da masu fito suke sa kayan kakanni su zagaya gari da kyandirori. Ba irin wanda ake kunnawa in wuta ta ɗauke ba. Katako ne mai siffar hasumiya, an lulluɓe shi da kakin zuma mai launi-launi, an kafa shi kan doguwar sanda, nauyinsa ya kusa buhun siminti. Hannu ba ya ɗaukar wannan. Gindin sandar ake cusawa cikin ɗamara, ƙugu ya ɗauki nauyi, hannu ya yi saiti kawai. Babban cikinsu, na gaba, shekara ashirin da shida Bu'azza ke ɗauka. Bana kuma likita ya matsa gwiwarsa ya ce masa in ya ɗauka wannan karon, to ya yi sallama da kyandiri. Bu'azza ya amince. Ya ce zai kai shi fili ya juya da shi na ƙarshe, sannan ya sauke da hannunsa.

Sai ga Si Tuhami. Tsohon ma'aikacin ofis ne da ya yi ritaya, aka ba shi kula da kayan masu ɗauka. Mutumin kirki ne, sai dai ko takalman masallaci ya gani a hargitse sai ya tsaya ya jera su. Ya tara masu fito ya ce bana 'yan talabijin za su zo, kuma bai dace a ga kowa da irin jan da ya ga dama ba. Ya buɗe kwali ya fito da kayan da aka ɗinko daga Kazablanka, iri ɗaya, suna ƙyalli kamar takardar alewa. Ɗamarar tasu kamu biyu ce, an yi mata ninki na ƙarya, a baya kuma abin mannawa ne irin na takalmin yara. Ka manna, ka tafi. Samari suka yi ta murna.

Bu'azza ya juya ta a hannu, ya ɓare mannin ya ji ƙararsa, ya tambaya ina gindin sanda zai zauna. Si Tuhami ya nuna masa wani ɗan aljihu da aka ɗinka a gaba, ya ce an yi tunanin komai, kuma an gwada.

"A gaban madubi?" in ji Bu'azza.

"Rayis, zamani ya wuce a tare lungu ana juyi."

"Si Tuhami, ni ba na ɗaukar kyandirin Annabi da ɗamarar da ke kuka in an cire ta."

Aka yi dariya, ita ce kuma ta ɓata lamarin, domin Si Tuhami ba ya son a yi dariya yana tsaye. Ya ce doka ɗaya ce, wanda bai sa kayan ba ba zai ɗauka ba, ko shi wane ne. Nan take ya ba da babban kyandiri ga Allal, ɗan Zuhur ƙanwar Bu'azza, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Allal ya dubi kawunsa, kawun ya dubi rufin ɗaki. Bu'azza ya ajiye ɗamarar a kan tebur da yatsa biyu ya fita, ko shayinsa bai shanye ba.

Abokansa takwas suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya a cikin makon, kowa da shawara. Wani ya ce ya naɗa tasa a ciki ya manna tasu a kai, wa zai sani. Bu'azza ya ce shi zai sani, kuma ɗamarar kakansa ba ɓarauniya ba ce da za ta shiga gari a ɓoye. Wani ya ce yini ɗaya ne, ya daure. Ya ce ai shi ma yini ɗayan yake magana. Daga ƙarshe duk takwas ɗin suka karɓi kayan Kazablanka, suka daina haɗa ido da shi a bakin kogi. Mannana kaɗai ba ta ba shi shawara ba. Ta wanke falmaran ta shanya, ta ce in ya gama fushi ya ɗora mata maɓallin da ya tsinke, don ita ba ta iya ƙullinsa ba.

Ranar jajibiri bayan azahar ya fita lungu har gaban mai burodi, ya juyo. Mannana ta ja fiye da kullum, har ya ce mata kashe shi za ta yi. Ta ce in zai je kallo ne kawai, me ya sa ya shafa man zafi a gwiwa. Ya soke bakin ɗamara ya kama hanya.

Bai shiga sahu ba, tunda an hana shi. Ya bi gefen hanya cikin 'yan kallo, daidai da babban kyandiri, kafaɗa da kafaɗa, taku da taku. Masu ganga da algaita suna gaba, mata suna guɗa daga saman soraye. Jama'a suka riƙa buɗa masa hanya suna tambaya, Rayis lafiya, yana cewa lafiya lau, iska ya fito sha. Si Tuhami yana gaba da takarda a hannu, ya yi kamar bai gan shi ba, amma wuyansa ya gaji da waiwaye.

Gaskiya kayan sun yi kyau a ido. Sai dai gwajin da aka yi, hannu wofi aka yi shi, domin ba a fito da kyandirori sai ranar. Tun kafin a yi nisa Bu'azza ya ga ɗan aljihun Allal ya soma zamewa ƙasa, ya ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. Ƙaton da hannu yake ɗauka, kunya ta hana shi faɗa.

A ƙofar ganuwa dole a karkata kyandiri, in ba haka ba kansa ya daki baka. Allal ya karkata, nauyin duka ya koma kan ɗamara, sai aka ji ƙarar nan ta takalmin yara, har ta fi algaita. Ɗamara ta faɗi ƙasa. Hasumiyar kaki ta yi gaba za ta sumbaci bango, furanninta biyu suka karye suka zubo. Kafin mata su gama salati Bu'azza ya riga ya sa kafaɗa a ƙarƙashin sandar. Yadda ya tsallake igiyar 'yan kallo da wannan gwiwa, har yau ana musu.

Si Tuhami ya iso da gudu yana haki. Ya dubi masu ɗaukar hoto, ya dubi sahun da ya tsaya cak a baya, inda wasu biyu su ma suka dafe bayansu. Ya rage murya.

"Rayis, don Allah kwance taka ka ba Allal."

"Ba ta fita unguwa sai da mai ita."

"To doka fa?"

"Ga ta can a ƙasa, ɗauki abarka."

Bu'azza ya ce wa Allal ya saki. Ya cusa gindin sandar cikin ninki na uku, ya gyara tsayuwa, ya ɗan lanƙwasa, kyandiri ya wuce ƙofa ko gogar bango bai yi ba. Sauran masu ɗauka, da suka ga abin da ya faru, kowa ya nemi abin da zai ɗaure ƙugu da shi, wani da rawaninsa, wani da mayafin matarsa. Sahun da Si Tuhami ya so ya zama iri ɗaya ya shiga fili kamar shanyar marina.

Gwiwar ta kai shi fili, da ƙyar. Ya juya da kyandiri sau uku kamar yadda ya saba, na ukun fuskarsa ta koma kamar toka. Sai ya tsaya ya ɗaga wa masu ganga hannu, ya sa mutum biyu suka tallafi sandar, ya kira Mannana daga cikin mata. A gaban jama'a da 'yan talabijin ta kama bakin ɗamara, shi kuma ya yi ta juyi da baya har kamu goma sha huɗu suka miƙe a tsakiyar fili. Ya miƙa wa Allal ɗaya bakin.

"Kawu, ban iya ba."

"Juyi ne kawai, ɗan Zuhur. Ko kaza ta iya. Matse ciki."

Allal ya dafe a ƙugu ya soma kewayawa, Mannana tana ja tana faɗa masa ya daina kallon ƙafarsa. Da ya iso gabanta Bu'azza ya soke bakin da kansa, ya buga masa ciki sau biyu ya ji ƙarfin ɗaurin, sannan ya ce a ba shi sandar.

Abin da bai lissafa ba shi ne wandon mutanen da ba shi da mazagi, ɗamara ce ke riƙe shi. Ya san da haka fiye da kowa, tunda shi ya ƙi sa masa. Haka ya raka kyandirin har inda ake sauke shi, hannu ɗaya damƙe da wando, ɗayan yana amsa gaisuwa, yana ɗingishi, kansa a sama.

Si Tuhami ya tare shi a hanyar komawa, ya ce baɗi za a gyara mannin a sa mai ƙarfi, kayan dai suna nan. Bu'azza ya ce Allah ya kai mu, shi dai ya riga ya sauke nasa da hannunsa, sauran magana a yi da Allal, in an iya kwance shi. Si Tuhami ya miƙo hannu don a rabu lafiya. Bu'azza ya dubi hannun, ya dubi wandonsa, ya miƙa masa gwiwar hannu.

Washegari da safe lungu ya sake tsayawa. Allal ne a gaban mai burodi yana juyi, Mannana a bakin ƙofa, Bu'azza kuma zaune kan kujera da ƙafa a miƙe, ɗaure da igiyar jirgi a ƙugu, yana gaya wa mai jaki ya yi haƙuri, wannan sabon shiga ne.