Albashin Issaka a Cikin Shafin Kwat

Har gobe ban manta da wata Asabar a ƙarshen shekarun 1980 ba, lokacin ina tela a wani shagon wanki da guga a Old Kent Road. Aikina gyara ne: rage wando, sa zip, sake shafin kwat. Tsarin shagon kuwa, kowane aiki sai an ba shi tikiti a kanta, a rataye shi, ya jira layinsa. Mai shagon Baturke ne, muna ce masa Oga, kuma a wurinsa kwastoma ba ya laifi.

Muna da wani kwastoma, Issaka, mutumin zangon Kumasi, ɗan dako a wani otal a Marylebone. Ɗan gayu ne na ƙarshe, yana da wata baƙar kwat da ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kanta. Cutarsa ɗaya, cacar tseren doki. Na yi masa wa'azi har bakina ya gaji.

Shi da kansa ya yi wa kansa dabara. Ran Juma'a ake biyansa, kuɗin hayar flat ɗinsu kuma sai Litinin council, hukumar da ke da gidajen, ke karɓa, tsakanin nan ne Shaiɗan ke samun sa. Matarsa ta riga ta rantse, in ya sake cinye kuɗin haya za ta kwashe yara ta koma gidan wanta a Plumstead. Ba ta iya riƙe masa kuɗin, don daɗin bakinsa ya fi ƙarfinta. Saboda haka duk Juma'a yakan cire 'yan canjin da ya yarda ya yi asararsu ya sa a aljihu, sauran in ɗinke su cikin shafin kwat, sai Litinin in farke. Ya san ko za a yanka shi ba zai sa wa kwat ɗin nan reza da hannunsa ba.

"Hajiya," ya ce mini tun ranar farko, da Hausarsu wadda mace ma 'ka' ake ce mata, "ko na yi kuka, kar ka buɗe."

To, ranar nan sai ga shi a guje daga shagon caca na tsallaken titi, yana haki.

"Hajiya, buɗe! Dokin nan sure ne, wallahi sure! Yanzu za a yi start!"

Na ce, "Malam Issaka, ai yau ba Litinin ba ce."

"Na yi cancel wancan magana!"

Oga ya leƙo ya ce mutum da kayansa, in yi masa abin da yake so. Ina tsoron rasa aikina, amma yaran Issaka sun fi tsaya mini a rai. Sai na ce to. Na karɓi kwat, na yaga tikiti na miƙa masa, na rataye ta a bayan tulin wandunan wasu 'yan biki.

"Ranar Litinin layi zai zo kanka," na ce.

Ya juya wajen Oga yana roƙo. Oga, wanda ya fi son tsarinsa a kan kowa, ya sosa ƙeya ya ce akwai aikin gaggawa, awa ɗaya, amma kuɗinsa ninki ne. Tseren kuwa ba zai jira awa ɗaya ba, sai Issaka ya fita ba kwat, cikin sanyi, yana zagina da Turanci da Hausa da wani yare da ban sani ba.

Ku san abin haushi? Dokin ya ci. Wallahi na kwana ina jin kunya. Ran Litinin matarsa ce ta zo da tikitin, na farke, ta wuce council.

Na ɗauka shi ke nan mun rabu. Juma'a sai ga shi, fuska a ɗaure, ya ajiye kwat da ambulan ɗin albashi.

"Da na ci ranar nan," ya ce, "da yanzu har kujera na gida na kai wa masu shagon caca. Ka sa zare biyu."

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa a sana'ar nan, wani kwastoman mutum biyu ne a riga ɗaya. Akwai wanda ya zo da hankalinsa ya ba ku aiki, akwai wanda zai dawo yana haki ya ce a fasa. Na farkon shi ya ɗauke ku aiki, ko da na biyun ya fi shi ihu.