Hular da akuya ta cinye

Yau da safe ina miƙa wa Sani koko, sai ya tsaya yana kallon hoton marigayi babansa a wayata.

Tunda ɗan nan nawa ya faɗo daga mashin wajen Ƙofar Gayan ya daina gane mu. Ni da na haife shi, "baiwar Allah" yake ce min.

Da can kullum canja masa hotuna nake yi, wai kar ya gaji. Sai a asibiti suka manna masa wayoyi a kai suna nuna masa hotuna. Likita ya ce, "Hajiya, hoton da ya sha gani, ƙwaƙwalwarsa tana amsawa daban, ko bakinsa bai faɗa ba. Ki riƙa maimaita guda."

Shi ne na riƙe na baban.

Na ce, "Sani, waye wannan?"

Ya ce, "Baba ne mana. Ai hular nan ce akuyarmu ta cinye."

Wallahi haka aka yi! Ina dariya ina hawaye.

Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ba komai. Daga gobe hotona ne, kullum, har sai ya ce Umma.

Wa ya taɓa jinya irin wannan? Ku ba ni shawara.